Roba da Tawada: Tarihin Zaman Doya da Manja

Duk wanda ya tsuguna gefen tayar mota ya duba da kyau zai ga jikinta cike da rubutu: sunan kamfani, girman taya, nauyin da za ta iya ɗauka, ƙasar da aka ƙera ta, da wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan lambobin 2319 ne, ma'anarsu an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a Najeriya ta sha jan hankalin direbobi su riƙa duba waɗannan lambobi kafin su sayi taya, domin tsohuwar taya kan fashe a kan hanya ko da zanenta bai cinye ba. Abin lura shi ne, a duk wannan rubutu babu harafi ɗaya da aka yi da tawada. Robar ce da kanta aka zuba ta a siffar haruffa tun tana cikin mazubi.

A bakin titin kuma, mai faci ya kafa tsohuwar taya ya rubuta sana'arsa a jikinta da farin fenti. Kafin damina ta zagayo, farin ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage, ya fara ɓarewa. Mai buga allon talla da ya manna haruffan leda a jikin roba shi ma ya san labarin: yau sun kama, bayan 'yan makonni gefensu ya ɗago.

Wannan ƙiyayya tsakanin roba da tawada ta fi shekara 200 tana ba masana da masu sana'a wahala. Kuma daga cikinta ne aka samo hanyoyin da ake buga mafi yawan jaridu, littattafai da ledojin kaya a duniyar yau.

Abin da aka fara saninta da shi

Mutanen tsakiyar nahiyar Amurka sun san danƙon bishiya tun kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna tsaga jikin bishiya su tari farin ruwan da ke fita, su haɗa shi da ruwan wata yaɗuwar ciyawa, su dunƙula ƙwallon wasa. Turai ba ta mai da hankali ga abin ba sai bayan da Bafaranshe Charles Marie de La Condamine ya aika samfurinsa birnin Faris daga Kudancin Amurka a 1736.

A 1770 masanin kimiyya na Ingila Joseph Priestley ya rubuta cewa ya ga wani abu da ke share rubutun fensir daga takarda fes. Wani mai ƙera kayan awo a Landan, Edward Nairne, shi ke sayar da ɗan gutsurensa a kan sule 3. Daga kalmar Turanci mai nufin gogewa aka raɗa wa abin suna, sunan da ya iso bakin Bahaushe ya zama "roba". Wato tun daga sunanta, an san roba da share rubutu kafin wani ya yi tunanin ɗora mata shi.

Ɗanyen danƙo yana da mugun hali. Da zafi ya narke ya yi yauƙi ya yi wari, da sanyi ya sandare ya karye. Charles Macintosh na Sikotilan ya yi dabara a 1823, ya narkar da shi ya shafa tsakanin ƙyalle biyu ya yi rigar ruwa, amma halin danƙon bai sauya ba. A Amurka, kamfanoni da dama sun karye a shekarun 1830 saboda takalma da rigunan da suka sayar sun narke a ɗakunan ajiya. Charles Goodyear, ɗan kasuwar da bashi ya sha kai shi kurkuku, ya taɓa samun kwangilar jakunkunan wasiƙa 150 daga gwamnati, suka ruɓe a hannunsa kafin ya miƙa su.

A 1839 Goodyear ya gano cewa idan aka haɗa danƙo da farar wuta aka gasa, zai daina narkewa da sandarewa. Ya sami takardar mallakar fasahar a Amurka a 1844, amma Thomas Hancock ya riga shi yin rajistarta a Ingila tun 1843. Wani abokin Hancock ya sa wa aikin suna daga Vulcan, gunkin wuta na Rumawa, kuma daga nan ne sunan da ake kiran masu faci da shi a Turancin Najeriya ya samo asali. Goodyear ya so ya nuna wa duniya cewa roba za ta maye gurbin komai, har takarda: wasu kwafe na littafin da ya rubuta kan sana'arsa a shekarun 1850 a kan siraran shafukan roba aka buga su. Abin ya tsaya a matsayin abin kallo. Ya rasu a 1860 da bashin da ya kai kimanin dala 200,000 a kansa.

Dalilai uku

Me ya sa tawada ba ta zama a jikin roba? An daɗe ana ganin matsalar kafin a fahimci dalilinta, kuma dalilan uku ne.

Na farko, fuskar roba ba ta jan ruwa. Tawadar malam tana zama a takarda saboda takarda zare ce mai ƙananan ƙofofi, tana tsotse ta. Roba ba ta da ƙofa, kuma an gina ta ne da dogayen sarƙoƙi na sinadaran kabon da haidirojin, waɗanda ba su da abin da zai riƙe ruwa. Tun 1805 Thomas Young ya bayyana abin da ke sa ɗigon ruwa ya baje a kan wani abu ko ya dunƙule, kuma a shekarun 1950 William Zisman na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka ya tsara hanyar auna wannan hali a jikin robobi. Ana awon ne da ma'aunin da ake kira dayin. Ƙarfin da ke dunƙule ruwa ya kai dayin 72 a kowace santimita. Fuskar ledar foliyetilin tana da kimanin 31, ta robar silikon ɗan sama da 20. Ƙa'idar ita ce, ruwa ba ya bajewa a kan abin da ƙarfin fuskarsa bai kai nasa ba. Sai ya taru ya yi ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa a ganyen gwaza, kuma tawadar da ba ta baje ba ba ta da inda za ta kama.

Na biyu, roba tana zufa. Tayar mota haɗi ce ta danƙo da mai, da kaki, da baƙin kunkunniya, da sinadaran kariya. Iskar ozon tana cin roba tana tsattsaga ta, don haka masu ƙera taya suke zuba kaki da magunguna irin su wanda ake kira 6PPD, kuma da gangan aka tsara su riƙa tasowa sannu a hankali zuwa saman tayar su yi mata garkuwa. Duk abin da aka shafa ko aka manna a sama, wannan zufa za ta shiga ƙarƙashinsa. Ita ce ke mai da farin fentin mai faci ruwan ƙasa, ita ce kuma ke sassauta gam ɗin haruffan leda har ya zama yauƙi. Ko an wanke tayar ƙal, wata zufar tana nan tafe daga ciki.

Na uku, roba tana miƙewa. Danƙo na asali yana iya ninka tsawonsa sau biyar ko fiye ya koma yadda yake. Busasshen fenti ba ya iya haka. Kowane juyi na taya, kowace lanƙwasa ta takalmi, tana jan fatar tawadar har ta tsage.

Yadda aibi ya zama jari

Abin da ya ƙi riƙe tawada, yana iya ɗaukarta ya sauke ta a wani wuri ba tare da ya rage komai ba. Wannan fahimta ce ta sauya sana'ar ɗab'i.

Matakin farko shi ne hatimin roba, wanda ya bayyana a Amurka a shekarun 1860. Masu yinsa na farko sun ari ƙananan tukwanen gashin roba da likitocin haƙori ke amfani da su wajen yin dasashin haƙoran roba. Nan ma sai da aka yi gyara, domin tawadar maɗaba'a ta lokacin da mai ake haɗa ta, shi kuwa mai yana kumbura danƙo yana lalata haruffan. Mafita ta zo daga rinin anilin, dangin wanda William Perkin ya gano a Landan a 1856 yana ɗan shekara 18. Wannan rini yana narkewa ba tare da mai ba, ya hau robar ya sauka a takarda. Cikin 'yan shekaru hatimin roba ya mamaye bankuna, tashoshin jirgin ƙasa da gidajen waya, daga baya ya bi mulkin mallaka zuwa kowane ofishin En'e, har yau takarda ba ta cika takarda ba sai an buga mata shi.

Mataki na biyu kuskure ne ya haife shi. Tun 1796 Alois Senefelder na Jamus ya ƙirƙiro ɗab'in dutse, inda ake zana hoto da abu mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙa shi da ruwa, tawada ta kama wurin maiƙon kaɗai. A 1875 Robert Barclay na Ingila ya yi rajistar injin da ke ɗauko hoton daga dutse zuwa wani gangan kafin ya sauke shi a kan gwangwani. Amma wanda ya kawo dabarar kan takarda shi ne Ira Rubel, mai ƙaramar maɗaba'a a garin Nutley na jihar New Jersey, wajen 1904. Gangan da ke danna takarda a injinsa an lulluɓe shi da roba. Idan mai saka takarda ya yi jinkiri injin ya juya babu takarda, sai hoton ya sauka a kan robar, takardar da ta biyo baya kuma ta fito da hoto gaba da baya. Rubel ya lura cewa na bayan, wanda robar ta sauke, ya fi na dutsen kyau. Laushin robar ya sa ta shiga kowane lungu na takardar, ƙin riƙonta kuma ya sa ta saki tawadar. Ya gina injin da ke maimaita kuskuren da gangan. Rubel ya rasu a 1908 bai ci moriyar abin ba, amma ɗab'in ofset ya ci gaba har ya kori haruffan dalma daga maɗaba'u. Jaridar safe, littafin makaranta, kalanda da fastar ɗan takara, mafi yawansu sun bi ta jikin bargon roba kafin su iso hannun mai karatu. Bargon na yau da robar naitiril ake yinsa, wadda Jamusawa suka haɗa a shekarun 1930, domin mai ba ya kumbura ta.

Mataki na uku shi ne a naɗa hatimin a jikin ganga ya riƙa juyawa. Kamfanin Bibby, Baron and Sons na Liverpool ya yi rajistar irin wannan inji a 1890 don buga jakunkunan takarda. Tawadarsa tana damewa har mutane suka riƙa kiransa wautar Bibby. Da aka koma tawadar anilin mai saurin bushewa, sai injin ya sami kasuwa, musamman bayan bayyanar selofen, siririyar takarda mai sheƙi da ba ta tsotsar tawada. Aka riƙa kiran sana'ar ɗab'in anilin, sunan da ya kusa kashe ta. A shekarun 1940 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki rinin anilin a matsayin abin da bai dace da naɗe abinci ba, ciniki ya faɗi. Ko bayan da aka amince da sababbin tawadu marasa illa a 1949, masu sarrafa abinci ba su saki jiki ba. Sai Franklin Moss, shugaban kamfanin Mosstype, ya nemi masu sana'ar su kawo sabon suna a 1951. An turo sunaye sama da 200, kuma a Oktoban 1952 aka sanar da wanda ya yi nasara: fileksogirafi, wato ɗab'i da abu mai lanƙwasuwa. Ledar burodi da ta ruwan sha mai ɗauke da lambar NAFDAC, galibinsu da wannan hanya ake buga su.

Wuta, lantarki da samfefa

Bahaushe ya haɗa danƙo da filastik ya kira su duka roba, kuma a wannan batu bai yi nisa da gaskiya ba, domin ciwonsu ɗaya. Foliyetilin, wanda Eric Fawcett da Reginald Gibson na kamfanin ICI suka ci karo da shi a Ingila a 1933, ya shigo kasuwar naɗe kaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya zo da tsohuwar matsalar a sabon jiki. Ana buga masa rubutu, yatsa ya share.

A 1951 wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, Verner Eisby, ya sami maganin abin. Ya bi da ledar ta ƙarƙashin wutar lantarki mai ƙarfi wadda ke sa iskar wurin ta yi shuɗin haske. Wannan tartsatsi yana karya sarƙoƙin da ke saman ledar, iskar oksijin ta maƙale a gurabun, fuskar ta tashi daga dayin 31 zuwa wajen 40, tawada ta sami abin kamawa. Ana kiran dabarar korona, kuma kamfanin da ya kafa, Vetaphone, yana nan har yau. A kusan lokaci guda wasu suka gano cewa harshen wuta, idan ya lashi fuskar kwalbar roba cikin ƙiftawar ido, yana yin aiki iri ɗaya. Masana'antar takalma kuma ta bi ta hanyar sinadari: ana shafa wa tafin takalmin roba ruwa mai sakin kulorin kafin a sa gam. Duk waɗannan gyare-gyare a fata suke tsayawa, kuma ƙarfinsu yana raguwa da lokaci, shi ya sa ake son a buga rubutun ba da jimawa ba.

Mai faci, ko bai taɓa jin sunan Zisman ba, da ilminsa yake aiki. Kafin ya sa faci yana goge wurin hujin da samfefa ko dutse. Gugar tana cire fatar da kaki da mai suka taru a kai, tana kuma ƙara faɗin wurin da gam zai kama. Sulushan da yake shafawa danƙo ne narkakke. Idan ya ɗora faci ya danne shi da zafi, robar biyu suna gasuwa su zama jiki ɗaya.

A nan hanya ta biyu take: idan roba ta ƙi baƙo, a kawo mata ɗan'uwanta. Masu buga rubutu a balan-balan suna hura ta tukuna, sannan su buga da tawadar da aka haɗa da danƙo, don ta miƙe ta tsuke tare da jikin. Silikon, wanda kusan babu abin da ke manne masa, da tawadar silikon ake buga shi, a gasa su tare. Fararen haruffan da ake gani a jikin wasu tayoyi ma farar roba ce da aka shimfiɗa a ciki tun wajen ƙira, aka rufe ta da siririyar baƙa, aka kankare saman haruffan bayan gashi. Ko su ma zufar baƙar roba tana ɓata su, shi ya sa ake shafa musu shuɗin abin kariya kafin a jera tayoyin a sito.

Haruffan leda masu manne kansu ba su da ko ɗaya daga waɗannan gata. Sun samo asali ne daga lakabin da Stanton Avery ya fara sayarwa a Los Angeles a 1935, suka mamaye sana'ar allon talla a shekarun 1980 da aka samu injin yanka mai aiki da kwamfuta. An tsara gam ɗinsu don gilashi, ƙarfe da jikin mota, abubuwa masu tauri da ba sa zufa. A kan roba dalilan nan uku suna haɗuwa a kansu lokaci guda. Akwai gam mai ƙarfi da aka yi don fuskoki masu santsi, kuma yana ƙara musu kwana, amma ba ya hana mai tasowa daga ciki.

Abin da ke cikin ƙwai

Batun ya wuce kwalliyar allo. Ranar ƙarewar magani, lambar rukunin kaya, ƙarfin matsin da tiyon gas zai iya ɗauka, girman safar hannun likita, duk bayanai ne da ake ɗora wa roba da leda, kuma amfaninsu ya dogara ga zamansu. Rubutun da yatsa ke sharewa, mai ha'inci ma zai iya share shi ya buga wani.

Masu ƙera taya sun raba rubutunsu gida biyu bisa wannan lissafi. Ɗigon ja ko rawaya da ke gefen sabuwar taya, da layukan launi da ke kan zanenta, da tawada ake yinsu, domin amfaninsu na ɗan lokaci ne, ga ma'aikatan sito da mai ɗaura taya, kuma ba a damu ba idan sun goge. Bayanin da rai ya rataya a kansa kuwa, a jikin ƙarfen mazubi ake sassaƙa shi, robar ta cika gurbin tana gasuwa. Lambobin ranar ƙira a kan ɗan faranti suke, wanda ake sauyawa kowane mako, dalilin da ya sa ake ganinsu cikin zagaye. Tun shekarar 2000 aka mai da su huɗu, biyu na mako biyu na shekara, domin tsohon tsarin mai lamba uku ba ya bambanta tayar 1988 da ta 1998 a sarari.

Maganin da ke hana taya tsagewa shi ma ya zo da nasa lissafin. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka wallafa cewa 6PPD, idan ya haɗu da ozon, yana rikiɗa zuwa wani sinadari da ruwan sama ke wankewa daga titi zuwa rafuka, kuma shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a arewa maso yammacin Amurka. Kamfanonin taya suna neman abin da zai maye gurbinsa. Duk abin da suka samo, dole ne shi ma ya riƙa tasowa saman roba don ya kare ta, wanda ke nufin mai faci zai ci gaba da sabunta fentin allonsa bayan kowace damina.